Ƙwayayen LED na dashbod: sun yi, amma ban da fitilar batir

Abin da ya sa na sayi fakitin ƙananan ƙwayayen LED samfurin T5 shi ne fitilar baƙin mai ta tsohuwar motata ta daina kamawa. Idan ka murɗa makulli kafin ka tayar da inji, fitilun gargaɗi kan kama gaba ɗaya, na batir da baƙin mai da birki, kuma wannan shi ne gwajinsu. Wadda ta ƙi kamawa, yawanci ƙwanta ne ya ƙone. Ta baƙin mai kuwa ba a wasa da ita, don ranar da mai ya daina zagaya inji yadda ya kamata, ba abin da zai gaya maka sai ƙarar da ba ka son ji.

Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Na cire kan batir na negatif, na kwance robar da ta zagaye mita, wato allon da fitilun nan suke ciki, sannan sukurorin da ke riƙe da ita. Inda ake shan wahala shi ne bayanta. Motar irin mai kebur ɗin gudu ce, wato wayar da ke juya allurar da ke nuna gudun mota, sai ka zura hannu ta wani ɗan matsatsin wuri ka lalubo maƙalinsa ka danne kafin mitar ta yarda ta fito. Daga nan sai ka ga ƙananan soket a jere, kowanne ka ɗan murɗa shi hagu ya fito da ƙwansa. Tsohon ƙwan nawa gilashinsa ya yi baƙi ƙirin, siririyar wayar cikinsa ta tsinke. A dai lallaɓa ledar nan mai layukan jan ƙarfe da ke manne a bayan mitar. Shekaru sun busar da ita, ƙiris take jira ta yage.

Su kansu ƙwayayen sun zauna daram a tsohon soket, babu yanka babu ɗauri. Sai dai LED yana da ɓangaren da wuta ke shiga, ba kamar tsohon ƙwai ba da duk yadda ka sa shi zai kama. Wanda ya ƙi, zare shi ka juya. Saboda haka a gwada kafin a mayar da sukurori. Hasken alamomin ya fito tas, ko da rana tsaka ana ganin ja ɗin baƙin mai. Waɗanda na sa don haska lambobin mita ne ba su burge ni sosai ba: haskensu gaba kawai yake bugawa, sai wani gefe ya yi fayau wani ya yi duhu-duhu, kuma maɓallin rage haske ya kusa zama ado.

Babban ƙorafina shi ne fakitin bai ce uffan ba game da fitilar batir. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikin wannan ɗan ƙwai mai kamar wat 1.2 zuwa 2 ne wutar farko ke bi ta isa altaneta, na'urar da ke cajin batir, ta tashe shi ya fara caji. LED ba ya jan wutar da za ta isa wannan aiki, sai ka ga mota ba ta caji har sai an taka totur sosai, mutum ya yi ta zargin batir ko altaneta alhali lafiyarsu lau. Ni dai a wannan gurbin na sa sabon ƙwai irin na da, mai volt 12.

Tunda an riga an buɗe mitar, sauran tsofaffin ƙwayayen ma na canza su, don sa'annin juna ne, kuma ba na marmarin sake kokawa da kebur ɗin nan.