Allo, Excel ko Clio: wanne ya dace da ofishin lauya?

Wani ƙanina da ya buɗe ofishinsa na lauya bara ya kira ni yana tambayar wace manhaja zai saya don tafiyar da aiki. Na ce masa fayil nawa ke hannunka yanzu? Ya yi shiru. Na ce to wanne ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba? Ya ce bari ya tambayi sakatare. Nan na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Dalilina shi ne tsarin tafiyar da aiki da ake kira Lean, wanda a masana'antar motoci ta Toyota ya samo asali, inda Taiichi Ohno ya tsara shi bayan yaƙin duniya na biyu. Gundarinsa shi ne a bi aiki daga farko har ƙarshe, a gano inda ake ɓarna: jira, maimaita aiki, tara abin da ba a gama ba, kai-komo marar amfani. Kamfanin lauyoyi na Seyfarth Shaw da ke Chicago ya ɗauki wannan salon tun tsakiyar shekarun 2000, ya yi suna da shi. Duk kayan aikin da za ka saya, da wannan mudun za ka auna shi: zai nuna maka inda fayil ke kwana?

Mafi araha shi ne farin allo a bango da ƙananan katuna, abin da Japanawa ke kira kanban. Ka raba allon gida-gida: sabon aiki, ana rubutawa, jiran sa hannun oga, an shigar a kotu, jiran ranar zama, jiran kuɗi. Kowane fayil kati ɗaya. Sai ka kafa doka, kada lauya ɗaya ya riƙe fiye da kati uku a gidan rubutu, sai ya gama ɗaya ya ɗauki wani. Kafin mako biyu allon zai tona asiri. A ofisoshin da na gani, gidan "jiran sa hannun oga" ne ke fara cika har kati ya hau kan kati, alhali ogan ne ke faɗa wa yara masu bautar ƙasa cewa suna da nawa wajen aiki. Ba kowane babban lauya ke jure wannan kallon kullum safiya ba, na san wanda ya sa aka sauke allon.

Aibinsa biyu ne. Duk wanda ya shigo ofis zai karanta shi, don haka lambar fayil za ka rubuta, ban da sunan mai ƙara. Sannan allo ba ya bin ka kotu. Kana zaune a babbar kotun Miller Road a Kano, alƙali ya ɗage shari'a, sai ka koma ofis ka tuna ka gyara kati.

Nan Excel ko Google Sheets haɗe da kalandar waya ke shigowa, kuma a ganina nan ne mafi yawan ƙananan ofisoshi ya kamata su tsaya. Abin da ke kashe lauya wa'adi ne. Ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 ne, kan hukuncin tsakiyar shari'a kuwa kwana 14. Ƙarar zaɓe kwana 21 ne daga bayyana sakamako, kuma ita ba a roƙon ƙarin lokaci. Jadawali guda mai lambar fayil, kotu, ranar zama ta gaba, wa'adi, da sunan wanda aikin ke hannunsa ya isa, in har mutum ɗaya aka ɗora wa sabunta shi kullum kafin a tashi. In aka bar wa kowa, babu mai yi.

Trello allon nan ne a cikin waya. An fito da shi a 2011, kamfanin Atlassian ya saye shi a 2017, kuma yana da matakin kyauta. Kana jan kati da yatsa daga harabar kotu, abokin aikinka ya gani a ofis. Sai dai ba don lauyoyi aka gina shi ba, bai san lissafin kuɗi ba.

Manyan manhajojin ofishin lauya su ne irin Clio, wanda aka kafa a Kanada a 2008, da MyCase da PracticePanther na Amurka. Suna haɗa fayil, kalanda, takardu, lissafin lokaci da takardar neman biya wuri ɗaya, kuma suna yin aikin da kyau. Amma da dala ake biya, kowane wata, kan kowane mutum. Ofis mai lauya huɗu da sakatare kujera biyar ke nan, kuma duk ranar da naira ta faɗi kuɗin ya tashi. Ƙari ga haka, an fi gina su kan lauyan da ke cajin awa-awa, mu kuwa galibi jimla ake yankewa, a ƙara da kuɗin zuwa kotu. Rabin abin da ka biya ba za ka taɓa shi ba. Inda suka ci kuɗinsu shi ne ofis mai rassa, ko mai riƙe da kuɗin jama'a da yawa, tunda ƙa'idar aiki ta wajabta raba asusun kwastoma da na ofis.

LawPavilion ta gida ce, amma an fi sanin ta da hukunce-hukuncen kotu da bincike. In jinkirinka wajen nemo hujja yake, ita za ka duba.

Kafin ka biya kowa, ka tambayi abu uku. Ina bayanan suke ajiye, tunda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka? In ka daina biya, za ka iya kwashe fayilolinka cikin sauƙi? Ranar da intanet ta ɗauke, me zai buɗe?

Ƙanin nawa allo ya saya da fakitin kati, ya buɗe jadawali a Google Sheets. Da ya gama liƙawa ya ƙirga kati 41, tara daga ciki kuɗi kawai suke jira, kuma babu wanda ya taɓa aika wa masu su takardar neman biya.