Gungun kwakwar manja: a jibge shi ɗungurungum ko a daddatsa?

Wani ɗan'uwa da ke noma a wajen Ankpa, jihar Kogi, ya ce masu matsar manja sun bar masa tulin gungun kwakwa da aka kaɗe 'ya'yansa, yana so ya yi taki da shi. Tambayarsa ita ce: ya tara shi yadda yake, ko ya sha wahalar daddatsawa?

Malam, ɗauki gungu ɗaya ka duba. Zare ne mai tauri kamar igiya, ga ƙaya a jiki. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi daga waje suke fara ci, saboda haka in ka jibge shi ɗungurungum, sai su yi ta lasar baya, cikin yana nan daram. Iska tana ratsa tsibin ta ko'ina, ba ya riƙe zafi, samansa ya bushe ƙayau. Wata shida sai su wuce kana tono kana ganin zare. Asarar da ta fi damuna ma ba ta lokaci ba ce. Arzikin gungu fotash ne, wato sinadarin cikin toka da shuka ke buƙata, shi ya sa a kudu ake ƙona shi a yi sabulu da tokar, Inyamurai kuma su sa ruwanta a girki maimakon kanwa. To fotash ɗin nan ruwan sama na wanke shi da wuri, kafin zaren ya ruɓe rabon gonarka ya bi ƙasan juji. Ga kuma gwazarma: ƙwaron nan mai ƙaho da ke huda kan bishiyar kwakwa yana son irin wannan tsibi ya yi ƙwai a ciki.

Wanda aka daddatsa, kamar santimita 2 zuwa 5, wato gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, labarinsa daban ne. Ko'ina an buɗe wa ƙwayoyin ƙofa, gutsattsarin suna riƙe danshi, kuma har yanzu akwai 'yar kafar da iska za ta bi. In ka gauraya shi da kashin kaji ko na shanu, domin gungu ba shi da isasshen naitirojin, sinadarin taki da ƙwayoyin ke buƙata, cikin 'yan kwanaki za ka cusa hannu ka janye da sauri. Zafin kan kai digiri 55 zuwa 65. A Indonesiya da Malesiya, inda ake samar da mafi yawan manjan duniya, injin ke yayyaga gungun, a riƙa yayyafa masa ruwan dagwalon masana'anta ana juyawa, takin ya nuna cikin wata biyu zuwa uku.

Sai dai kada ka ce tunda ƙanana sun fi, bari a niƙe shi lilis. Ya yi laushi da yawa, ya sha ruwa, sai ya danƙare kamar tuwo, iska ta kasa shiga, wari ya tashi, aiki ya tsaya. Damƙi ka matse: in ya jiƙa maka tafi ba tare da ruwa ya zubo ba, danshin ya yi daidai.

Ni dai daddatsawa na zaɓa, kuma ka sa masa adda tun yana ɗanye, don in ya bushe sai ya gajiyar da kai. Ka rufe tsibin da ganyen kwakwa ko buhu saboda ruwan sama, ka juya shi duk mako ɗaya ko biyu. Ɓawon ƙwara kuwa ka ware shi gefe, shekaru yake yi bai ruɓe ba.

In ba ka da masu taya ka sara, kada ka tara shi tsibi. Shimfiɗa gungun ɗaya-ɗaya kewaye da bishiyoyin, ka ɗan ja baya daga gindi, abin da ruwa ya wanke ya sauka kan saiwa.