Gargaɗi ga masu motoci a Damagaram: a yi hattara da masu sa wa mota balan-balan na iska

'Yan uwa masu motoci na Damagaram da kewaye, don Allah a karanta wannan, a kuma tura wa wanda bai gani ba. Akwai wasu mutane da ke yaɗa bidiyo a WhatsApp da Facebook suna tallar cewa za su cire wa motarka sifirin su sa mata balan-balan na iska, ka danna maɓalli ta ɗaga, ka sake dannawa ta kwanta. Wai kayan Dubai ne, wai an yi su don rairayi da ramukan hanyar Tanut da Agadas. Ba su da gareji, ba su da shago. Lambar waya ce kawai, sai kafin alƙalami na rabin kuɗi da za ka tura musu "kafin kaya su taso daga Kwatano".

Wasunsu da kuɗin sun shiga shi ke nan, lambar ta mutu. Waɗannan da sauƙi, dukiya kaɗai suka ci. Waɗanda suka tayar min da hankali su ne masu zuwa su yi aikin.

Na leƙa ƙarƙashin motar wani maƙwabcina da suka yi wa aiki a ƙofar gidansa, bayan ya wayi gari ya tarar gindinta na dama ya zube a kan taya. Balan-balan ɗin tsofaffi ne da aka ciro daga matacciyar mota, an goge su da man ƙyalli sun yi baƙi ƙirin, amma da ka lanƙwasa robar da yatsa sai ka ga tsaga a jere a wurin da take naɗewa. Kwamfuresar irin ƙaramar nan ce ta hura taya. Tankin iskar kuwa tukunyar kashe gobara ce aka shafe da fenti, aka yi mata walda a baki. Tiyon roba ya bi ta gefen salansa, an ɗaure shi da waya, har ya fara narkewa. Wutar an jawo ta kai tsaye daga batir, ko fiyus babu. Sifirin da shokazoba na asali, lafiyayyu, sun tafi da su, wai "Alhaji ai ba ka da sauran buƙatarsu". Da ya kira, amsar da aka ba shi ita ce: "Alhaji, ai ka ga ta ɗaga da idonka."

A nan damfarar take. Kowace roba, ko ta tsufa, za ta ɗaga mota na minti goma a gaban mai ita. Abin da ake saye da kuɗi shi ne ta riƙe iskar kwana da kwanaki, da kaya a baya, cikin zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, a kan hanyar da ke girgiza kowane ƙusa. Tsarin iska na gaskiya, irin wanda Range Rover ke da shi tun 1992 ko wanda Mercedes ta sa wa S-Class a 1998, yana da na'ura a ƙafafu mai auna tsayin mota, da bawul mai raba iska, da abin tsane danshi, da matatar da ke tare ƙura. Ko shi ɗin, da huji ya samu, kwamfuresa ba ta hutawa sai ta ƙone. To ina ga wadda aka yi don hura taya, aka bar ta tana shaƙar ƙurar hunturu? Kuma ranar da balan ɗaya ya fashe kana gudu tsakanin Takeita da Matamai, gefe guda ne zai faɗi lokaci ɗaya, taya ta gogi jiki, sitiyari ya fizge. Allah Ya kiyaye.

Akwai wani fannin da ya fi wannan muni, kuma masu manyan motoci ne ake farauta da shi. Wasu Land Cruiser 100 da Lexus LX470, tun daga 1998, ba balan suke da shi ba, tsarin mai da iskar azot (wato nitrogen) ne da Toyota ke kira AHC. Asalin dabarar ta Citroën ce ta Faransa: Paul Magès ya ƙirƙiro ta, aka fara sa ta a 1954, ta shahara da motar DS a 1955, ta bi ta motocin CX da BX da Xantia har C5. Kowace ƙafa tana da ƙwallon ƙarfe, a cikinsa fatar roba ta raba azot da mai. Azot ɗin ne ke yin aikin sifirin. Idan ya zurare da shekaru, motar ta yi tauri, ta riƙa tsalle kamar amalanke.

Mutanen nan sai su ce ba sai ka sayi sabbin ƙwallaye ba, za su "cika" maka su da araha. Da me? Iskar mai faci ba ta kai ba: a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, taya bar 2 da 'yan kai take ɗauka, ƙwallon Citroën kuwa tsakanin bar 30 zuwa 70 ne gwargwadon mota da ƙafa. Saboda haka abin da ke hannu shi ne tukunyar mai walda, wato oksijin. Jama'a, oksijin mai matsi idan ya haɗu da mai yana kamawa da wuta da kansa, ba ashana ba tartsatsi. Shi ya sa masu ƙera abin suka zaɓi azot. Wanda ya ɗura oksijin a ƙwallon da mai ke bugawa a ƙarƙashin kujerar iyalinka, ba kuɗinka kaɗai ya raina ba, har da ranka.

Haka batun mai. Tsofaffin Citroën irin CX da BX da Xantia koren mai suke sha, LHM. C5 tana shan LDS mai ruwan lemo. Toyota tana da nata man na AHC. Man birki na yau da kullum yana cinye robobin tsarin. A BX da Xantia kuwa birki ma daga wannan matsin yake samun ƙarfi, don haka wanda ya ɓata maka mai ya taɓa birkinka ke nan.

Ni ba na cewa gyara mota ta ɗaga laifi ne, kowa da sha'awarsa, kuma akwai makanikai masu amana a garin nan. Amma kada ka tura ko dala ɗaya ga wanda ba ka san inda yake buɗe ƙofa da safe ba. A kawo kayan ka gani da rana, makanikenka na gefe, ya lanƙwasa robar ya duba lambar da ke jiki. Bayan an ɗaura, a fesa ruwan sabulu a kowane mahaɗi, inda ya yi kumfa akwai huji. Ka auna daga ƙasa zuwa bakin jikin motar da ke saman kowace taya, motar ta kwana a gidanka a kashe, da safe ka sake aunawa, sannan a yi maganar cikon kuɗi. Tsofaffin sifirinka kuma naka ne, su shiga ɗaki. Wanda motarsa ke da AHC yana iya gwada ƙwallayensa da kansa: ya sauke motar ƙasa ya duba layin mai a tankin, ya ɗaga ta sama ya sake dubawa, idan bambancin bai kai layi 7 ba, ƙwallayen sun gaji, canji suke so.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta hana shi magana. Ya adana takardar tura kuɗin da saƙonnin muryar da lambar wayar, ya kai komisariya ko jandarma. Wanda kuma aka "cika" wa ƙwallaye bai ga tukunyar da aka yi amfani da ita ba, ya ajiye motar, kada ya tayar da ita, kada ya bar yaro ya sa sifana a ƙwallon, a ja ta zuwa wurin wanda ya san aikin ya sauke matsin tukuna.