Firaminista ko Shugaban Ƙasa?

Duk lokacin da na bi ta gaban hubbaren Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi, sai in tuna da irin gwamnatin da Najeriya ta fara da ita a 1960. Tsarin majalisa ne irin na Ingila. Firaminista Tafawa Balewa ɗan majalisa ne, sai da ya ci zaɓe a mazaɓarsa, ministocinsa ma 'yan majalisa ne. Yana zaune 'yan adawa na yi masa tambayoyi gaba da gaba, kuma da ya rasa rinjaye da kujerar ta kuɓuce masa. Wannan ne ya fi kwanta mini a rai.

Inda gizo ke saƙar shi ne jam'iyyun. NPC ta Arewa ce, AG ta Yamma, ƙarfin NCNC yana Gabas, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa, har sojoji suka yi juyin mulki a Janairun 1966.

Tsarin 1979 kuwa na Amurka aka ɗauko domin magance wannan ciwon. Mai son shugabanci sai ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19, wato dole ya je neman jama'a nesa da gida. Da shi Shehu Shagari ya hau mulki. Sai dai tsarin yana cin kuɗi sosai, iko kuma ya taru a hannun mutum ɗaya. Shi ma sojoji suka kifar da shi a Disamban 1983.