Ƙarfen da aka zura min ta gwiwa: ƙashi ya haɗe, gwiwa ta ji jiki

Ƙashin cinyata ya karye dab da gwiwa, likitan ƙashi ya zaɓi zura ƙarfe ta cikin ɓargo maimakon ɗaura farantin ƙarfe a gefe. Ta gwiwar ake shigar da shi, a tura sama, a ɗaure da noti sama da ƙasa. Yankan ƙarami ne, ciwon ya warke ba mugunya, ƙashin kuma ya haɗe cikin wata 3 zuwa 6 da aka yi min kirdado. A nan ban da ta cewa, aikin hannunsa ya yi kyau.

Inda nake da ƙorafi shi ne bayani. Kafin tiyata an ambaci ƙwayoyin cuta, da gudan jini a jijiyar ƙafa, da yiwuwar ƙashin ya ƙi haɗewa, an kuma hana ni taba saboda tana jinkirta haɗewar. Amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce gwiwar da aka bi ta cikinta za ta riƙe. Ta riƙe kuwa. Durƙuso da tsugunno suka gagare ni, saukowa daga bene sai na dafa bango, ga zogi a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. An makara wajen tura ni gun masu gashin ƙashi, su kuwa tun farko suke so a fara lanƙwasa ta kafin naman cikin gwiwar ya ɗaure.

Sai noti ɗaya na ƙasa da ya yi tsawo, yana sukata ta gefen ciki in na kwanta gwiwa kan gwiwa. A hoton X-ray da aka ɗauka ta gaba lafiya lau yake. Ashe ƙarshen ƙashin ya fi faɗi ta baya, shi ya sa hoton ke ɓoye tsinin. Da ƙashin ya yi ƙwari aka cire notin, sukan ya tafi, zogin ƙoƙo dai yana nan.

Wanda za a yi wa, ya tambaya: yaushe zan fara lanƙwasawa, yaushe zan taka? Bayan aikin kuma ya kwanta rigingine ya duba ko tafin ƙafar ya juya ciki ko waje, ko ƙafar ta gajarce, don da wuri ake gyara wannan. Gwiwa ta kumbura da zafi da zazzaɓi kuwa, a koma asibiti ranar.