Kafin a Sayi Kayan Gwajin Ruwan Rafi a Kumasi

Wanda ya tsaya bakin rafin Aboabo ko na Subin ba ya buƙatar na'ura kafin ya san halin da ruwan yake ciki, domin hanci ya riga ya ba shi labari. Wahalar tana ga irin rafin Wiwi da ke ratsa jami'ar KNUST, da ƙananan ƙoramu na bayan gari inda masu lambu ke ɗibar ruwan ban latas da kabeji, domin ruwa kan yi garau alhali babu rai a cikinsa. A nan ne malamin makaranta ko ƙungiyar matasan zango ke fara tambayar abin da ya kamata su saya.

Abin da mutane suka fi saurin saye shi ne na'urar nan mai kama da alƙalami da ake kira TDS, saboda arha ce kuma tana nuna lamba nan take. A ganina ita ce ta fi ruɗar mai saye. Gishirin da ya narke a ruwa kawai take ƙiyastawa. Ba ta ganin ƙwayoyin cuta, ba ta kuma san ko kifi zai iya numfashi ba. Ƙawarta mai auna tsami, wato pH, ta fi amfani, amma sai an riƙa daidaita ta da ruwan gwaji mai lamba 4 da 7 da 10, kuma idan bakinta ya bushe sai ta soma ƙarya. Ga mai gwaji sau ɗaya a wata, takardun da ake tsomawa su canza launi sun wadatar, muddin an rufe kwalbarsu da kyau, don laimar Kumasi na lalata su. Lafiyayyen rafi yakan zauna tsakanin 6.5 da 8.5 a ma'aunin pH.

Iskar oksijin da ke cikin ruwa ita ce ta cancanci a kashe mata kuɗi. Idan ta sauka ƙasa da miligiram 5 a lita, kifi kan shiga ƙunci, kuma ruwa mai ɗumi irin namu bai cika riƙe fiye da 8 ba ko da yana da tsabta. Akwai na'urar lantarki ta kamfanoni irin su Hanna da Hach, akwai kuma akwatin magungunan ɗigawa da ake ƙirga ɗigonsu har launi ya gushe. Na'urar ta fi sauri, sai dai tsada da neman kayan gyaranta kan sa ta ƙare a cikin kabad. Akwatin ɗigawa ya fi dacewa da mai farawa. Kowanne aka saya, a auna da sassafe, lokacin da iskar ta fi ƙaranci, domin awon la'asar yakan rufa wa rafi asiri.

Duk waɗannan suna faɗin halin ruwa ne a daidai lokacin da aka tsoma su. Wanda ya zubar da baƙin mai ko ruwan masai da dare, kafin gari ya waye shaidar ta wuce. Shi ya sa na fi fifita abin da ya fi kowanne arha: raga mai ido wanda bai wuce milimita ɗaya ba, da farin faranti, da madubin ƙara girma. Ana kafa ragar a ƙasan magudana, a motsa duwatsu da ƙafa, a juye abin da ya shiga cikin farantin. Ƙananan halittun da ragar ke kamawa suna kwana suna tashi a wurin tsawon makonni ko watanni, saboda haka su ne shaidun da ba a saye. Idan aka ga 'ya'yan ƙwari masu jela uku, ko masu gina wa kansu gida da yashi, rafin yana da sauran lafiya; idan kuwa jajayen tsutsotsi da matsattsaku suka cika farantin, ƙazanta ta yi yawa. Tsarin miniSASS da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu ya kasa su gida 13, kowane da makinsa, kuma takardarsa kyauta ce a intanet. Tela zai iya ɗinka ragar, amma kada a yi ta da gidan sauro mai magani, don maganin yana kashe abin da ake nema. A haɗa da dogon takalmin roba, saboda tsargiya ta fata take shiga.

Abu biyu ne ba a sayen maganinsu a kanti. Kwalbar gwaji da ke yin baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu tana nuna alamar bayan gida a ruwa, amma ba ta ƙirga yawansa, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta iyakance ƙwayoyin bayan gida a 1,000 cikin mililita 100 ga ruwan ban ganyen da ake ci ɗanye. Haka nan zaiba da masu galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke wanke zinariya da ita a yankin kogin Offin, babu takardar da za ta auna ta yadda ya kamata. Waɗannan sai ɗakin gwaji, irin na KNUST ko na cibiyar binciken ruwa ta CSIR a Accra, kuma a fara tambayarsu irin kwalbar da suke karɓa, a kai musu ruwan cikin ƙanƙara a ranar da aka ɗebo shi.