Ƙauyen masunta a kan ruwa, nan Maleshiya

Salam Adda, ya gida ya yara, ya jikin Goggo? Kin ce in riƙa ba ku labarin ƙasar nan ba hoto kawai ba, to ga na ƙarshen makon da ya wuce. Mun ɗan fita shan iska da 'yan uwa ɗalibai zuwa wani tsibiri da ake ce wa Pulau Ketam a jihar Selangor, ƙauyen masunta ne kuma gaba ɗayansa a kan ginshiƙai yake, gidaje da shaguna da makaranta har ofishin 'yan sanda, ƙasan kuwa laka ce da ruwan teku.

Daga Kwala Lumfur jirgin ƙasa muka shiga na KTM Komuter har tasharsa ta ƙarshe a Port Klang, ka ɗora kati a ƙofa ta buɗe, ba kwandasta ba rigimar canji, ina zaune cikin sanyin esi ina tuna tashar jirginmu ta Gombe da ciyawa ta cinye layin. Daga nan ɗan taku kaɗan sai bakin ruwa, jirgin ruwa mai rufi ya kwashe mu, wajen minti 40 muna ratsa dajin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri.

Ba mota ko ɗaya a garin. Hanyoyin siraran gadoji ne na siminti da katako, daga keke sai ƙananan babura masu caji da ba sa ƙara, sai dai ki ji ƙararrawa a bayanki ki matsa gefe. Ana ba da hayar keke ma.

Abin da ya tsaya min a rai wallahi shi ne wuta da ruwa. Mutanen nan a kan taɓo suke zaune amma kowane gida da mitarsa, bututun ruwa na bin gefen gada yana shiga gida gida, ban ga ɗan garuwa ba, ban ji kukan janareta ba. Kuma wutar ce ta gyara musu sana'a, don jirgi na tsayawa ake juye kifin cikin akwatunan roba a danne da ƙanƙara, a tura shi kasuwa ɗanye sharaf. Ki duba masuntanmu na Dadin Kowa, tarwada da karfasa ga su nan Allah ya hore, amma in ba a sayar da wuri ba dole a yi banda ko a karyar da kuɗi kafin rana ta yi zafi. Ai ba ƙwazo suka fi namu ba, firiza suka fi mu. Suna kuma kiwon kifi cikin raga a tsakiyar ruwa, ga ƙananan jatan lande an shanya a ƙofar gidaje, warin kam sai wanda ya saba.

To amma kar ki ɗauka aljanna ce. Da ruwa ya janye sai ga asirin ƙasan gidajen, leda, robar ruwa, tsohon takalmi, ƙananan ƙaguwa na yawo a kai. Sannan abinci. Yawancin mazauna wurin 'yan asalin Sin ne, gidajen abincinsu ba su da tambarin halal, wasu har giyar girki suke zubawa a miya, sai muka haƙura da biredi da ruwan kwakwa da guzurin da muka taho da shi, ga kifi tuli muna kallo. Farashi a rubuce yake a jikin allo, ba tayi ba albarka, ni da na saba jan ciniki a babbar kasuwa sai na ji bakina na ƙaiƙayi. Kuma ba mai ce miki sannu da zuwa ga ruwa, komai sai kin ciro ringit.

Kifinsu na teku da nake saya a gari yana da tsoka ba laifi, sai dai girkinsu da zaƙi zaƙi, ni dai bai kamo farfesun tarwadar Goggo ba. Dan Allah in kin samu mai tahowa ki haɗo min da yaji da daddawa da kuka, a ɗaure su sosai cikin leda biyu saboda masu bincike a filin jirgi. Ki gaida Baffa, ki ce masa saƙonsa na nan tafe ƙarshen wata in sha Allah.